Wanda Ya Bar Littafi Ya Bi Jirgi

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Abban Walida. Duk tsawon wannan lokaci ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ni ba marubuciya ba ce. Mai tuƙa tuwo ce ni a Ard al-Liwa, wata cunkusasshiyar unguwa a Giza, ina dafa wa mutanenmu da ke zuwa Masar neman magani abincin gida, saboda mara lafiyarmu ko a gadon asibiti yake, miyar kuka yake marmari, ba wake da burodi ba. Idan watan rasuwarsa ya zagayo, in yi masa addu'a, in raba abinci sadaka, in ci gaba da harkata. Bana ce aka taɓo ni, kuma duk wanda ya san ni ya san idan aka taɓo ni ba na iya haɗiye magana. Sunansa dai ba za ku ji shi daga bakina ba. Haka aka rene ni a Gusau, mace ba ta kama sunan mijinta, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya.

Ga abin da ya faru. Wani malami da ake ji da shi yanzu a gida ya yi wa ɗalibai masu shirin tahowa Masar nasiha, aka ɗauka a waya, aka watsa. Nasihar ba ta da aibu: ku riƙe karatu, kada birni ya ɗauke muku hankali. Sai ya ce bari ya kawo misali. Ya ce akwai wani da suka zauna ɗaki ɗaya a Darrasa, unguwar ɗalibai, Allah ya ba shi kai, amma ya bar littafi ya bi jirgin ƙasa yana ɗaukar hoto kamar Bature ɗan yawon buɗe ido, har ajali ya cim masa, ba shahadar kammalawa, ba ɗalibi ko ɗaya, sai kwalaye cike da hoton ƙarfe. Jama'a suka kwashe da dariya, ana jin ta raɗau a cikin faifan. Bai kama suna ba, gaskiya ne. To amma Hausawan Alƙahira mu nawa ne? Kuma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa bin jirgi da kyamara? Kafin a ankara faifan ya shiga kowace waya daga Darrasa har Ard al-Liwa.

'Yarmu Walida, ita kaɗai Allah ya ba mu, shekararta sha shida. A wurin ƙawayenta ta ji. Ta dawo gida ta ajiye jaka, ta tsaya a ƙofar kicin ta ce da ni cikin Hausarta ta 'yan Alƙahira, rabi namu rabi nasu:

"Mama, da gaske ne bai gama jami'a ba?"

Na ce da gaske ne.

"Khalas, shi ke nan, gaskiya malamin ya faɗa. Kowa ya gane shi ake nufi. Kwali-kwali na hoton jirgi, ni ko ɗaya bai ɗauke ni ba. Ko ɗaya, ya Mama."

Daga ranar na lura da wani sauyi. Mu Hausawa ko a ina muka haɗu da yaro, tambayar farko ita ce ɗan wa ne. Da can Walida kan amsa da sunan ubanta tana ɗaga kai. Yanzu sai na ji tana cewa, "'Yar Hajiya mai tuwo ce." Ni mai tuwo ce, ban ƙi ba, ina ma alfahari da muciyata. Amma ba ni kaɗai na haife ta ba. Yarinyar nan ta rasa uba tana shekara bakwai, wannan hukuncin Allah ne, na karɓa hannu biyu. Yanzu kuma ana so a sake raba ta da shi saboda wani ya nemi abin da zai ba jama'a dariya. Wannan kam aikin mutum ne, kuma ba zan karɓa ba.

Bari in fara da abin da ake zaton zan ɓoye. Eh, bai gama ba. Ya zo daga Ƙaura Namoda da tallafin karatu, ya yi shekarunsa yana karanta shari'a, ya maimaita aji, daga baya ya ajiye. Ya koma aikin tafinta, yana raka marasa lafiya wajen likitoci a Mohandessin, unguwar masu hali, yana juya musu Larabci zuwa Hausa. Da wannan aikin ya je Gusau ya auro ni, da shi ya ciyar da mu, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ba mu taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Salla ba ta wuce shi, bakinsa bai ci naman kowa ba. Laifinsa guda ne, wanda har yau ba a yafe masa ba: ranar da ba shi da aiki, maimakon ya zauna a majalisa a yi ta gardamar wanda ya fi wani karatu, sai ya rataya tsohuwar kyamararsa mai fim, wadda ya tsinta a kasuwar Ataba, ya fita bayan gari neman jirgi.

Ni ma da farko na ɗauka wani ɗan taɓi ne mai sauƙi, irin wanda mace ke haƙuri da shi. Sai da muka kwana biyu ya ba ni labarin. Ƙaura ita ce ƙarshen layin dogo a ɓangarenmu. Idan jirgi ya zo nan ba shi da gaba, sai ya juya. Yana yaro, ƙarar jirgi ce agogon garin. Mata masu tallar abinci, 'yan dako, masu gyaɗa da auduga, duk da zuwansa suke tsara yininsu. Yana ji yana gani jirgin ya fara jinkiri, ya koma zuwa jefi-jefi, ran nan aka wayi gari ciyawa ta rufe dogo, awaki na kiwo a tasha. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, da ya girma ya bi gida-gida yana tambaya, bai samu mutum ɗaya da ke da hoton jirgin ba. Abin da ya ciyar da gari shekara da shekaru ya tafi, ko inuwarsa ba a riƙe ba. Ranar da ya fara shiga tashar Ramsis, babbar tashar jirgin Alƙahira, ya ga jirage a jere suna huci, ya ce tsayawa ya yi cak, kamar wanda ya yi kiciɓis da mamacinsa a kasuwa.

Sai dai akwai wani sharaɗi da ya gindaya wa kansa, wanda malamin bai faɗa wa jama'arsa ba, alhali ya sani sarai. Abban Walida ba ya ɗaukar hoton abu mai rai. Ya karanta saɓanin malamai a kan mas'alar, ya zaɓi ɓangaren da ya fi tsauri, ya ɗora wa kansa shi kaɗai. Bai taɓa hana wani ba, bai taɓa harar mai hoton biki ba. Jirgi ƙarfe ne, ba rai, saboda haka ya halatta. To ga matsala: jirgin Masar ba ya tafiya ba mutane. Musamman na talakawa, ƙofa a buɗe, samari a rataye, wani a tsakanin taragu, wani ma a kan rufi, kowace taga da kai a leƙe. A tasha kuwa ba a magana. Don haka ya gano dabara, wato nisa. Ya riƙa shiga mota ya fita can cikin gonaki, inda ƙasa ta shimfiɗe ba tudu ba kwari, ya ratsa barsim, koriyar ciyawar nan da suke shuka wa dabbobi, ya yi ta ja da baya har sai mutanen da ke jikin jirgin sun narke sun zama ɗigo-ɗigo, ba fuska, ba kamanni. Shi ya sa duk hotunansa iri ɗaya suke ga wanda bai sani ba: sama mai faɗi, kore a ƙasa, jerin dabino, da wani siririn layi a tsakiya. Wannan layin shi ne jirgin. Mutumin da ake yi wa dariya wai ya watsar da karatu, karatun ne ya kai shi tsakiyar gona.

Na taɓa bin shi ina amarya, don in gani da idona abin da ke raba ni da mijina ranar hutu. Wani ƙauye ne bayan Badrashin, kan layin da ya nufi kudu. Ya nemi izinin mai gonar, ya sha shayinsu, ya kafa ƙafafun kyamara a gaɓar magudanar ruwa, muka zauna. Rana ta take, ƙudaje suka same ni, shi kuwa ko a jikinsa. Can sai ya ɗaga yatsa, ya ji tahowarsa tun kafin ni in ji komai. Jirgin ya ɓullo daga cikin dabino, dogo, kamar ba zai ƙare ba. Daidai lokacin ne wata ɓauna, irin baƙaƙen shanun nan nasu masu son ruwa, ta taso daga magudanar ta tsaya ƙiƙam a gaban kyamara tana tuƙa. Na ce ya danna mana! Bai danna ba. Ya ɗago kansa ya bi jirgin da ido har ya ɓace, sannan ya juyo yana murmushi ya ce, "Ma'alish, ba komai, Hadiza, na gaba yana nan zuwa." Ranar na yi masa tatas, tun daga gonar har ƙofar gida. Na ce an aurar da ni ga mutumin da saniya ke hana shi aiki. Yau da zan samu wannan zaman, da ƙudajen da ranar duka, da gudu zan je.

Walida ta yi gaskiya, bai taɓa ɗaukar ta ba. Ni ma bai ɗauke ni ba, kuma shi kansa ba mu da hotonsa sai ɗan ƙaramin na fasfo, wanda ya yi bisa tilas, fuska a ɗaure kamar an kama shi da laifi. Na taɓa yin fushi a kan haka lokacin tana rarrafe. Abin da ya ce da ni shi ne, jirgi wucewa yake yi, dole a riƙe shi. Ita kuwa tana gida, kullum zai dawo ya gan ta. Bai san shi ne zai wuce ba.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Mutumin da ya saba raka wasu wajen likita, shi ma aka wayi gari ana raka shi. Ya rasu da hantsi, aka binne shi a nan. Malamin nan yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Lokacin bai koma gida ba, bai zama abin da ya zama ba. Ya sha cin tuwon hannuna a falona, ya sha ɗaukar Walida a kafaɗa. Shi ya sa abin ya yi mini zafi, da bare ne da ko kallo bai ishe ni ba. Bayan na fita takaba dangi suka ce in tattara in koma Gusau. Na ce makarantar yarinya tana nan, kabarin ubanta yana nan, na ɗaura zani na kama muciya.

Wani lokaci idan ina tsallaka gadar ƙafa da ke kan layin dogo, wanda ya raba Ard al-Liwa da Mohandessin, nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa mai ɗaukar hoto ne. Ɗaliban da yayyensu suka yi masa dariya, ga su nan a gaban dalar Giza da bakin Nilu, waya a sama, baki a murguɗe, suna ɗaukar kansu da kansu. Malaman da suka ce ya shagala, kullum fuskarsu na cikin waya, da hasken fitila da kujera mai ado. Ban ce haramun suke yi ba, ni ba malama ba ce. Amma a cikinsu duka, wanda ya fi kowa kaffa-kaffa da mas'alar shi ne aka mayar abin misali. An gina wata katafariyar tasha a Bashtil, nan kusa da mu, an kawo sababbin jirage masu sanyi, ƙofofi a rufe, ba mai rataya. Na san da dariya zai yi, ya ce ga jirgin da ya dace da shi ya iso bayan ya tafi. Na kuma ji an ce jirgi ya dawo a wasu layuka a gida. Ban ji an ce ya isa Ƙaura ba.

Da na ga shiru-shirun Walida yana ƙaruwa, ko kallon kwalayen da ke saman kabad ba ta yi, sai na yanke shawarar ba zan yi mata wa'azi ba. Wa'azi ne ya jawo mana wannan. Wata Juma'a da safe na ce ta shirya. Muka hau ƙaramar bas zuwa Badrashin, daga nan muka shiga tuktuk, a-daidaita-sahun nan nasu. Niyyata in tsayar da ita inda muka taɓa zama da shi, ta ji jirgi yana tahowa, ta ga abin da ubanta yake gani. Muka isa, ban gane wurin ba. Babu barsim, babu magudana. Gidajen jan bulo ne a jere, hawa kan hawa, ƙarafuna a tsaye a kan rufi suna jiran a ƙara wani hawan. Dabinon ma saura tsiraru, a matse tsakanin bango da bango. Jirgi ya wuce muna tsaye, ƙararsa kawai muka ji a bayan gine-gine. Walida ta yi mini irin kallon nan na wannan kika kawo ni in gani? Na ji kunya, na ji haushi, har na juya zan nemi abin hawa.

Wata tsohuwa ce da ke zaune a bakin ƙofa tana tsinke lalo ta yi ta kallonmu, don baƙaƙen mata biyu a wannan lungu ba abin da ake gani kullum ba ne. Na daure na tambaye ta gonar wani dattijo da ke nan a da. Ta ce mijinta ne, ya rasu, 'ya'ya sun raba sun gina. Da na ce mijina ne baƙon nan mai kyamara, sai ta saki tire, ta dafa ƙirji ta ce, "Shehin jirgi!" Ashe haka suke kiransa. Ta ja mu ciki, ba ta ko saurari uzurinmu ba. A bangon ɗakin baƙi, sama da kujera, ga hoto a cikin gilashi, ya fara ja saboda daɗewa: kore shimfiɗe har iyakar gani, dabino, siririn layi. Ta ce shi ya kawo musu da hannunsa. Ta sa yatsa tana nuna wa Walida: nan ne rijiyar, nan suke shanya masara, nan ƙarƙashin wannan dabinon mijinta ke kishingiɗa. Babu mutum ko ɗaya a hoton, amma ita duk tana ganinsu. Ta ce jikokinta ba sa yarda an taɓa noma a wurin sai ta kawo su gaban wannan bangon. Sannan ta kama fuskar Walida da hannu biyu ta ce, "Goshinsa ne wannan. Ubanki yakan zauna tun safe bai ce uffan ba, amma da an tambaye shi iyali sai bakinsa ya buɗe, 'yata kaza, 'yata kaza, har mu gaji."

A hanyar dawowa ban tambayi Walida abin da ke ranta ba. Kuma kada mai karatu ya ɗauka na kawo labarin tsohuwar nan don in wanke shi, in ce ashe hotunan sun yi amfani. Ko da ba wanda ya rataya ko ɗaya a bango, ba ya bukatar wanki. Mutum ya ci halalinsa, ya ciyar da iyalinsa, ya so wani abu da bai cutar da kowa ba, ya yi shi da tsoron Allah. A ina aka ce sai mai shahada a rataye ne ya yi rayuwa? Abin da ban sani ba shi ne ko 'yata ta ga haka. Bayan wasu makonni aka sake tambayarta 'yar wa ce a gabana, a wajen wani bikin suna. Ta sunkuyar da kai, wata ta amsa mata. Na kasa gane ko gaba muka yi ko baya.

Sai ga shi an kira ni a waya: wani babban malami ya zo daga gida za a yi masa aikin ido, an kama masa masauki a Mohandessin, ba ya iya cin abincin mutanen nan, a taimaka da tuwo. Da aka faɗi sunan, ashe malamin faifan nan ne. Ba abin mamaki ba ne, masu tuwo a garin nan ba mu da yawa, kowa ya zo sai ya biyo ta hannunmu. Zuciyata ta ce in ce ba ni da sarari. Amma ban taɓa hana mara lafiya abinci ba, kuma ba a kansa zan fara ba. Na tuƙa na shinkafa, na kaɗa miyar kuka da man shanu da daddawar da nake ɓoyo, na yi ta yadda na san yana so, don ya gane hannun da ya dafa. Ina ɗaure kuloli sai ga Walida ta fito da mayafinta. Ta ce, "Yalla, mu je, ni zan ɗauka." Na ce ko ta san wurin wa za mu? Ta ce ta sani.

Falon cike yake da ɗalibai 'yan dubiya, sun zazzauna a ƙasa, shi yana kan kujera, ido ɗaya a rufe da bandeji. Na gaishe shi daga bakin ƙofa, na yi masa ya jiki. Bai gane ni ba, shekaru sun ja, kuma da ido ɗaya yake kallo. Walida ta shiga ta durƙusa, ta ajiye kulolin a gabansa, ta gaishe shi yadda aka koya mata. Ya amsa da fara'a, ya yaba ladabinta, sannan ya yi tambayar da kowane dattijo ke yi:

"Masha Allah. 'Yar wa ce wannan?"

Ɗaliban duk sun san 'yar wa ce. Wani daga cikinsu ya yi saurin cewa 'yar Hajiya mai abinci ce, yana neman rufe maganar. Ni kuwa ina tsaye, sunan yana kan harshena, amma ban taɓa faɗarsa ba, kuma ko na faɗa ba amsata ake bukata ba. Walida ba ta tashi daga durƙuson ba, ta dai ɗago kai.

"Ni 'yar Lawwali ce, Baba. Lawwali na Ƙaura, abokin ɗakinka, mai ɗaukar hoton jirgi. Wanda bai gama ba."

Hannun malam ya tafi kan bandejin kamar nan ne ke ciwo. Can ya ce, "Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Lawwali." Sai ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Ai ban kama suna ba, 'yata."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na zo in kama."

Ta yi masa Allah ya ƙara sauƙi, ta miƙe, muka fito. Washegari ya aiko a kawo tuwo, muka aika, haka har ya gama jinyarsa ya koma gida. Bai nemi afuwa ba, ni ma ban zauna jira ba. Ko ya daina ba da misalin ko bai daina ba, wannan tsakaninsa da Allah.

Yanzu da shekara tara ta cika, na zauna ina auna abin da ya rage na mutumin nan. Shahada babu, gaskiyar malam ce. Gida bai bari ba, haya muke har yau. Hotunan suna ja a hankali, danshi ya fara cin na ƙasan kwali, wata rana su ma za su bi gonakin da ke cikinsu. Masu dariya za su samu wani su yi wa. Ni kaina na fara manta sautin takunsa a kan matakala, abin da na ɗauka har abada ba zai bar kunnena ba, kuma wannan ya fi komai sa ni kuka. Amma a wani falo a Mohandessin, a gaban maza masu karatu, wata yarinya ta durƙusa ta ce ita 'yarsa ce, ta haɗa da abin da ake goranta masa ba ta rage komai ba, kuma muryarta ba ta yi rawa ba. Allah ya jiƙanka, Abban Walida, ya haskaka makwancinka. Ka bar mai amsawa.